Akwatin Jarmila

Litinin, 9 ga Satumba, da la'asar. Turnov.

Ba ta zo tasha ba. Na tsaya har jirgin ƙasan da ke biye da nawa ya shigo ya fita, ina riƙe da akwati biyu kamar ɗan dakon da aka manta da shi.

Da Hausa nake rubuta wannan, don a gari irin wannan ban ga wanda zai iya karanta shi ba. Ni kaina sai na yi laluben kalmomin. Fiye da shekara talatin ban rubuta komai da ita ba in ba barka da salla ba.

Tafiyar nan kyauta ce daga abokan aikina na masana'anta da na yi ritaya, ta mutum biyu, ni da matata Jarmila. Babu jagora. A ba ka taswira, ka bi fentin da ke jikin itatuwa da duwatsu daga wannan tsohuwar fada zuwa waccan, direba yana kai maka kaya masauki na gaba. Ta fi ni ɗokinta. Tun Juma'a ta haɗa akwatinta ta ajiye a bakin ƙofa. Asabar aka yi walimar ritayata. Lahadi da safe ta ɗauki jakar hannu kaɗai ta tafi wurin yayarta Vlasta a Pardubice. Akwatin yana inda ta bar shi, takalman tafiyarta suna ciki, shi ya sa na ɗauko shi. Na ce da kaina ai ba ta fasa ba.

Na aika mata sunayen masaukan duka ta saƙon waya. An karanta. Ba amsa.

Talata, 10 ga wata, da hantsi.

Direban kayan sunansa Ruda, ƙato mai gashin baki, bakinsa ba ya hutawa. Ya ɗaga akwatinta ya yi nishi.

"Injiniya, me uwargida ta loda a nan? Duwatsu? Gaya mata a nan kyauta suke." Ya leƙa bayana. "Ina take ne?"

Na ce tana wanka.

"To doka ɗaya ce. Ku isa kafin rana ta faɗi. In ba ku isa ba mai masauki zai ɗaga waya, kuma mutanen ƙauyukan nan ba su iya ɗaga waya a hankali ba."

Na yi dariya tare da shi. Sai da na koma ɗaki na ga na yamutse ɗaya gadon tun da asuba don kada mai shara ta lura. Ban san lokacin da na yanke shawarar yin haka ba.

Talata, da yamma.

Jan fenti duk wunin yau. Duwatsu tsaitsaye kamar mutanen da suka taru suna jiran ka yi magana. Na wuce wani babba mai rankwafowa, an tokare shi da 'yan itace ta ƙasa, ɗaruruwa, kowanne bai fi cokali ba. Jarmila ba ta taɓa wuce irin wannan ba tare da ta tsuguna ta ƙara nata ba, wai don kada dutsen ya faɗi, kuma bayan mutum ba zai yi ciwo ba. Kullum sai na ce mata, mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa ne ke tallafar dutse da tsinke. Yau ba wanda zan gaya wa. Na wuce.

A masauki na ce kanta na ciwo ta kwanta. Matar gidan ta hawo da tire. Na cinye nawa, na cinye nata, na mayar da kwanuka biyu a wanke. Soyayyen cuku ne. Duk inda na ce ba na cin alade, soyayyen cuku ne, tun ina ɗalibi.

Laraba, 11 ga wata, da safe.

An karanta. Ba amsa.

Alhamis, 12 ga wata, da azahar. Trosky.

Hasumiya biyu a kan duwatsu biyu, Tsohuwa da Budurwa. Na hau Tsohuwa, gwiwata ta ce Budurwa ba tawa ba ce. A nan na kawo ta karon farko muna yara, da kuɗin motar zuwa kawai, muka dawo a ƙasa. Mahaifinta ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Ita ta tsaya tare da ni. Wannan gaskiya ce, dole in rubuta ta, tunda na yi kwanakin nan ina lissafa wa kaina abin da aka yi mini a ƙasar nan. An yi mini, ba ƙarya ba. A jirgi kujerar da ke gefena ita ce ta ƙarshen cika. Amma ba Jarmila ce ta yi ba.

Mijin Vlasta ne ya tambaye ni a teburin walimar, gaban kowa, wai yanzu da na huta ina na nufa. Tambaya ce kawai ta mai ƙoshi. Da na ce lambu zan yi, da an wuce wurin.

Ba zan rubuta abin da na ce ba.

Juma'a, 13 ga wata, da sassafe.

Ruda ya ce, "Injiniya, matar nan taka aljana ce? Kwana nawa ina ɗaukar mata kaya ko inuwarta ban gani ba." Na ce ta riga ni fita, tana son sanyin safe. Ya ce a gaishe ta. Na ce za ta ji.

Asabar, 14 ga wata, da hantsi.

Ban yi barci ba. Ba zan iya ba yau.

Asabar, da la'asar.

Ba su kore ni ba. Da sun kore ni da ya fi sauƙi.

Lahadi, 15 ga wata, da safe.

Bari in rubuta shi a jere, ko zai daina zagaya mini kai.

Masaukin ranar Juma'a na wata tsohuwa ne, Hedvika. A sauran wuraren nakan saci jiki in shige in haye sama, sannan in sauko in ce ta kwanta. Ita wannan tana zaune a bakin ƙofa tana feraye tuffa, ta hango ni tun daga gangare, ni kaɗai. Akwatunan biyu suna jingine a bayanta.

"Sannu da hanya, Injiniya. Ina ka baro uwargidan?"

Na ce tana bayana, ta tsaya tsintar naman kaza, irin wanda ke tsirowa a daji.

A watan nan babu ɗan ƙasar nan da zai yi shakkar wannan magana. Tsohuwar ta yi dariya har da tafi. "Tamu ce ke nan! Bar ta. In ta kawo na kirki da kaina zan soya mata da ƙwai."

Na hau sama da nufin in an jima in sauko in ce ta bugo waya ta hau mota ta koma gida. Na cire takalma na kishingiɗa. Jiniya ce ta tashe ni, rana ta kusa faɗuwa. Tsohuwa ta ƙwanƙwasa mini ban ji ba, ta duba hanya ba kowa, ta kira ɗanta Bohumil, shugaban 'yan kwana-kwana na sa-kai na ƙauyen. Da na sauko tsakar gidan cike yake da maza da igiyoyi da fitilu, wani ma da karensa. Wasu daga gona suke, wani bai cire rigar mahauta ba.

Bohumil ya shimfiɗa taswira a kan mota. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, magana a tsanake. "Kwantar da hankalinka, baba. Nuna mini inda kuka rabu. Tana da waya?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Magana ɗaya ce, kalmomi kaɗan. Na duba fuskokinsu, na duba tsohuwa tana matse hannuwa a cikin zanin girki.

Na ce wayarta tana cikin akwati. Na ɗora yatsa a kan taswira.

Lahadi, da azahar.

Na bi su. Wannan ne abin da na kasa rubutawa da safe. Na bi su cikin duwatsun, muka bazu, suna kiran sunanta, ni ma ina kira. Da farko a hankali, don kunya. Daga baya ban san me ya same ni ba. Duwatsun suna mayar mini da sunan, ni kuma ina ƙara ɗaga murya, har maƙogwarona ya dishe. Wani ya dafa ni ya ce za a gan ta.

Bohumil ya gangara wani tsagi don ya haska ƙasa. Ganyen da ya taka ba komai a ƙarƙashinsa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake.

Suna ɗaure shi a kan makara mai ɗaukar maras lafiya na ce musu tana Pardubice. Ba wanda ya gane. Na sake faɗa. Mai karen ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun Lahadi. Ba wanda ya zage ni a wurin. Suka ɗauki mutuminsu muka dawo, ni a baya, ba wanda ya haska mini hanya, ba wanda kuma ya bar ni a baya sosai.

'Yan sanda sun zo, kuma suna da gaskiya. Baƙon mutum, akwatin mace, ba mace. Wata 'yar sanda ta bugi gidan Vlasta a gabana, ta saki muryar kowa ya ji. Vlasta ce ta ɗauka.

"Ɓata? Ga ta nan tana goge mini kofuna! Me ya ce muku? Ba ni shi. A'a, kada ki ba ni shi."

Sai muryar Jarmila, can nesa da wayar. "Wani ya ji ciwo?"

Aka ce mata e. Sannan ta faɗi sunanta da ranar haihuwarta kamar yadda aka nema. Ba ta tambayi lafiyata ba.

Litinin, 16 ga wata, da hantsi.

Ruda ya zo ɗaukar kaya. Na ce ya bar su. Ya daɗe yana kallona, ya shafa gashin baki.

"Wato gaisuwata duk ba ta kai ba."

Na ce ba ta kai ba.

"Ni matata ta taɓa tafiya wata uku," in ji shi. "Ni dai giya na sha kamar kowa, ban tara gari ba." Ya ce zai gaya wa kamfani na dakata, in na shirya in kira shi.

An yi wa Bohumil aiki a idon sawu, an sa ƙarfe. Tuffansa sun nuna, itacen hunturu yana zube ba a fasa ba. Na je na tsaya a ƙofar kicin na fara wani dogon bayani da na shirya. Hedvika ba ta bari na kai rabi ba. Ta miƙo mini kwando, ta nuna tsani da haɓa.

Talata, 17 ga wata, da magariba.

Tuffa. Bayana kamar zai rabe biyu.

Laraba, 18 ga wata, da yamma.

Akwai benci a gaban kantin ƙauyen inda tsofaffi ke zama. Duk lokacin da na wuce da baro sai ɗaya ya kewaye baki da hannuwa ya yi kira a siririyar murya, "Jarmilaaa!" sauran su fashe. Na cancanta. Nakan ɗaga musu hula.

Yau wani ya ƙara da abin da ban cancanta ba, a kan launina da inda ya kamata in koma. Mutum ɗaya ne cikin biyar, in yi adalci, kuma sauran ba su yi dariya ba. Hedvika tana fitowa daga kantin da burodi a hammata.

"Kai Lojza, ranar Juma'a kana ina? Ban gan ka da igiya ba. Wannan wawa ne, amma wawana ne, yana cire mini tuffa. Kai na wa ne?"

Muka koma gida tare. Da dare ta ba ni miyar tafarnuwa, ba cuku ba.

Koma inda ka fito. Abin haushin, abin da na ce zan yi ke nan a teburin. Na ce gida zan koma in mutu, na gaji da zama baƙo. Jarmila tana tsaye da wuƙar yanka kek. Ta ce, "To ni fa? Masauki ce?" Aka yi dariya, an ɗauka wasa ne. Ga shi na rubuta.

Ban ma san wane gida nake nufi ba. Duk wanda zai gane ni a Kwatarkwashi yana ƙarƙashin ƙasa.

Alhamis, 19 ga wata, da safe.

Ban aika komai ba. Ba abin da za a karanta.

Juma'a, 20 ga wata, da la'asar.

An sallamo Bohumil. Sun kwantar da shi a kujerar lambu, ƙafar a kan matashi, yana kallona ina fasa itace. Na yi ta jiran ya yi magana har gatarin ya fara zame mini. Daga ƙarshe na ajiye na je gabansa.

"Kada ka fara, baba," ya ce. "Inna ta ce jawabinka ya fi na limamin coci tsawo. Kuma kana riƙe gatarin nan kamar biro."

Na ce ban san abin da zan ce ba.

"Ni na sani. Na karye a kan matar da ke shan kofi a Pardubice. Ko hotonta ban taɓa gani ba. Kyakkyawa ce aƙalla?"

Na ce e.

"To ba ni lambarta."

Na ba shi. Ban tambayi me zai yi da ita ba. Ba ni da bakin tambayar komai a gidan nan.

Asabar, 21 ga wata, da hantsi.

Akwatinta yana nan a kusurwar ɗaki. Ban taɓa buɗe shi ba. Na daina yamutsa ɗaya gadon.

Lahadi, 22 ga wata, da yamma.

Ta zo a motar ƙarfe goma sha ɗaya, da kek a nannaɗe cikin tawul. Ina kan tsani. Ta wuce ta ƙarƙashina kamar tsanin ba kowa a kai, ta nufi Bohumil ta ba shi hannu, ta ba Hedvika, ta ce ta zo ba su haƙuri. Ita, da ba ta yi komai ba. Na so tsanin ya karye da ni.

Suka zauna shan kofi. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya rage murya.

"Uwargida, ni ba yaro ba ne," in ji Bohumil. "Na sha neman mutane a duwatsun nan. Da ya yi mini kiran wasa da na gane. Mutumin nan ihu yake kamar saniyar da aka ƙwace wa maraƙi. Shi ya sa na yarda, shi ya sa na shiga ramin. Don haka rabin ƙafar nan laifinki ne."

Hedvika ta buge shi da tawul. Jarmila ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A gida bai taɓa ɗaga murya ba. Ko sunana sai ya ga dama."

Bayan sun gama ta zo gindin bishiyar. Ta rame, ko kuwa daga sama nake kallonta.

"Sauko, Tukur. Tsoho da kai."

Na sauko. Na buɗe baki.

"Kada ka yi mini jawabi. Tambaya ɗaya ce. Ka san ina Pardubice. Wa kake kira?"

Na ce ke.

"Me ya sa ba ka ɗaga waya ba? Sunayen masaukai kake ta aiko mini kamar ɗan kamasho."

Na ce kunya.

"Kunya," ta ce. "Ka gwammace ka karya wa bawan Allah ƙafa." Ta duba kwandon, ta ɗauki tuffa guda ta juya ta. "Ba a fizgo su. Murɗawa ake yi. Duk ka ɓata musu rabi."

Ta karɓi wani ɗaki dabam. Amma ta aiko Hedvika ta ɗaukar mata akwatin, na kuma ji ta tana tambayar lambar Ruda.

Litinin, 23 ga wata, da asuba.

Takalmanta suna bakin ƙofa, an goge su.

Litinin, da magariba. Kusa da Kost.

Ruda ya cire hula ya rusuna har ƙasa. "Ashe da gaske akwai ki! Uwargida, ina da gaisuwar kwana da kwanaki da zan ba ki." Ta ce ya loda akwatunan duka biyu, na yau kawai, gobe za ta gani.

Na ce wa Bohumil zan dawo in gama itacen. Ya ce in bari sai ya warke, yana son ɗaya ƙafar tasa.

Ta shiga gaba, ni a baya. Wuni guda ba mu yi maganar kirki ba. Sau ɗaya ta ce shuɗin fenti za mu bi ba kore ba, kuma ita ce da gaskiya. Ban ce mata na fasa komawa gida ba, ba ta tambaya ba. Ina jin maganar tana nan tana jiranmu, kuma ba ƙarama ba ce.

A cikin kwarin muka iske wani dutse mai rankwafowa da 'yan itacensa. Ta tsuguna ta kafa nata. Na tsaya. Sannan na nemi wani na tsuguna, gwiwata ta yi ƙara, na kafa shi kusa da nata. Ya faɗi. Na sake kafawa.

"Mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa," ta ce, ba ta dube ni ba, ta yi gaba.

A hawan ƙarshe ta ba ni rata sosai. Da na iso da ƙyar, ina haki, tana tsaye a ƙofar masauki, mai gidan yana duba akwatuna biyu yana dubanta.

"Mutum biyu aka ce mini. Ina maigidan?"

"Yana bayana," ta ce. Ta juyo ta tabbatar, ta daɗe tana kallona ina jan ƙafa. "Ga shi can. Kada ka kira kowa, zan jira shi."